Gani bai kori ji ba: yadda ake tantance labarin injin gem da wasannin da ake jira

A wani gidan gem da ke Agege, ba nisa da layin dogo, musu ya kaure wata ranar Asabar bayan la'asar. An ɗauke wuta, janareta na ruri a baya, samari huɗu sun ajiye FIFA sun yi cincirindo a kan waya ɗaya. Bidiyo ne aka turo wani zauren WhatsApp: titi jiƙe da ruwan sama, fitilu na walƙiya a jikin motoci, mutane na kai da komo kamar Oshodi da sassafe. A samansa an rubuta cewa wannan shi ne GTA 6, sabon gem ɗin motoci da 'yan fashi da ake jira, an gina shi da Unreal Engine 5, kuma zai sauka a PS4 da wayar Android. Mai shagon, wanda ya girme ni nesa ba kusa ba, ya miƙo min wayar ya ce, "Malam, kai da kake bin waɗannan abubuwa, duba min. In har zai hau PS4, ba sai na sayar da nawa ba."

Ba wasa yake ba. Na'ura shida gare shi, da su yake biyan haya, da su yake ciyar da gida. Jita-jitar da yaro zai tura don nishaɗi, shi a wajensa shawara ce ta jari: ya haɗa kuɗi ya nufi Computer Village a Ikeja ya ɗauko PS5, ko ya zauna da abin da yake da shi.

Wannan layi ɗaya na saman bidiyon ya ƙunshi magana uku daban: maganar inji, maganar na'urar da gem ɗin zai hau, da maganar ko bidiyon ma na gem ɗin ne. Kowacce da hanyar da ake bi a auna ta. Amma ma'auni ɗaya ne a ƙarƙashinsu duka, shi ne wanda nake amfani da shi shekara da shekaru: idan maganar ta zama ƙarya, wa zai yi asara?

Mene ne ma injin?

Kalmar inji ita ce ke fara ruɗar da mu. Da mun ji ta sai tunaninmu ya tafi kan injin danfo ko na babur, inda sabo ya fi tsoho gudu. Injin gem ya fi kama da shagon tela da kayan aikinsa: keke, almakashi, tef, dutsen guga, teburin yanka. Tarin manhajoji ne da aka riga aka rubuta, wani ɓangare na zana hoto a allo, wani na lissafin haske da inuwa, wani na kula da yadda ƙwallo ke tashi idan an doke ta, wani na sauti, wani na haɗa 'yan wasa ta intanet. Masu ƙirƙirar gem suna shiga wannan shago ne su ɗinka abin da suka yi niyya. Kowa ya san tela biyu za su iya zama a kan keke iri ɗaya, ɗaya ya fitar da kaftanin ango, ɗaya ya ɓata maka shadda.

Injuna kashi biyu ne. Akwai na haya, waɗanda kowa zai iya ɗauka. Unreal na kamfanin Epic Games ne, ya fara fitowa a 1998, kuma tun 2015 kyauta ake sauke shi. Sai gem ɗinka ya kawo sama da dala miliyan 1 ne Epic ke karɓar kashi 5 cikin 100. Unity ya fito a 2005, shi ne ke ƙarƙashin Free Fire da Call of Duty: Mobile da samarinmu ke kwana a kai, yayin da PUBG Mobile ke kan Unreal 4. Sannan akwai na gida, wanda kamfani ke ginawa don kansa. EA na da Frostbite, wanda FIFA ta koma kansa tun FIFA 17 a 2016. Rockstar, masu GTA, na da nasu mai suna RAGE.

A nan maganar farko ta faɗi. Rockstar ya fara amfani da RAGE a 2006 a wani ƙaramin gem na ƙwallon tebur, ya ɗora GTA IV a kansa a 2008, GTA V a 2013, Red Dead Redemption 2 a 2018. Kafin nan, San Andreas da Vice City a kan wani injin haya suke mai suna RenderWare, na kamfanin Criterion, wanda EA ya saye a 2004. Wato abokin hamayya ya mallaki keken da kake ɗinki da shi, shi ya sa ka ƙera naka. Kamfanin da ya kwashe kusan shekara ashirin yana gyara shagonsa ba zai tashi cikin dare ya koma shagon haya ba tare da an ji ba. Kuma da ya koma, Epic ne zai fara buga ganga, domin babu tallar da ta fi wannan a wajensa. Haka aka yi a Maris 2022 da CD Projekt Red na ƙasar Poland ya ce zai bar injinsa ya gina sabon Witcher a Unreal 5: sanarwa ce a fili da sunan kamfanonin biyu. Haka ma a Oktoba 2024 da masu Halo suka yi irin wannan hijira. Sauya inji a babban gem ba abu ne da ake jin sa a zauren WhatsApp kafin a ji daga bakin masu shi ba.

To ko da gaskiya ne an sauya, sai me? Wannan ita ce tambayar da na fi so samarin su riƙe, domin sunan inji ya zama kamar laya, ana kiransa sai kowa ya yi shiru. Duk wanda ya girma da PES, gem ɗin ƙwallo na kamfanin Konami, ya san amsar. Konami ya yi shekaru a kan Fox Engine, daga PES 2014 har PES 2021, sannan ya koma Unreal 4 ya fitar da eFootball 2022 ranar 30 ga Satumba 2021. Fuskokin Messi da Ronaldo suka zama abin dariya a intanet, 'yan kallo a fili kamar gumaka, gem ɗin ya faɗa sahun waɗanda aka fi kushewa a tarihin Steam, shagon intanet na sayar da gem ɗin kwamfuta, har kamfanin ya fito ya ba da haƙuri. Sai a Afrilu 2022 aka samu sigar da za a iya kira cikakkiya. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki da fitar eFootball ɗin, a Nuwamba 2021, aka sake fitar da GTA III da Vice City da San Andreas a kan Unreal 4 da sunan sabuntawa. Ruwan sama ya riƙa rufe wa mutum ido, siffofin mutane suka karkace, Rockstar ma sai da ya nemi afuwa. Injin bai yi laifi ba, shi ne dai ke ɗauke da gem masu kyau da yawa. Ɗinkin ne aka yi cikin gaggawa.

Akwai kuma kalmar "sabon inji" da kamfanoni ke son faɗa. Da wuya a samu wanda aka fara daga babu. Call of Duty na farko, na 2003, an gina shi ne a kan injin Quake III na 1999, kuma abin da ake amfani da shi yau jikan wancan ne, an yi ta rushe ɗaki ana gina ɗaki har gidan ya sauya kama. Injin Starfield na Bethesda ma haka, zuriyar na Skyrim ne. Wannan ba aibi ba ne. Abin lura shi ne, idan an ce maka sabon inji, tambayi wane ɗaki aka sake: haske ne, motsin jiki ne, ko suna kawai aka canza?

Ido ma ana yi masa wayo

Mu Hausawa mun ce gani ya kori ji. A harkar gem karin maganar nan na bukatar gyara, domin abin da ake nuna maka mataki-mataki ne, kuma bambancin yana cikin ɗan siririn rubutun da ke ƙasan bidiyo, wanda a allon waya kusan ba ya karantuwa.

Mataki na ƙasa shi ne bidiyon da aka riga aka sarrafa, kamar fim ɗin katun. Kwamfutoci masu ƙarfi na iya ɗaukar mintuna ko sa'o'i suna zana hoto ɗaya tak, a jera su a samu bidiyo. Gem kuwa dole ya zana hoto 30 ko 60 a cikin sakan ɗaya, nan take, gwargwadon abin da hannunka ya danna. A hoto 60, na'ura na da kimanin kashi 1 cikin 60 na sakan ta gama komai. Tazarar da ke tsakanin waɗannan biyu ita ce tazarar hoton amarya da aka gyara a situdiyo da fuskarta da asuba. Shahararren misali shi ne Killzone 2, da Sony ya nuna a taron E3 na 2005 lokacin gabatar da PS3. Mutane suka ɗauka wasan ne, daga baya ta tabbata hasashe ne na yadda ake fatan zai kasance. Gem ɗin bai fito ba sai 2009.

Sama da wannan akwai wanda ake rubuta wa cewa an haɗa shi a cikin inji. Nan ne aka fi kama mutane. Gaskiya ne injin ne ya zana, amma ba a ce a wace na'ura ba, ba a kuma ce nan take ba. Tallar farko ta Witcher 4, a Disamba 2024, ta faɗa da kanta cewa an riga an sarrafa ta a Unreal 5 a kan wani katin hoto na Nvidia da ko kasuwa bai shiga ba a lokacin. Ba su yi ƙarya ba. Wanda ya yanke rubutun ya tura bidiyon shi ne ya yi. A Yuni 2025 suka sake nuna wani abu, wannan karon yana gudana a PS5 da hoto 60 a sakan, amma suka nanata cewa gwajin fasaha ne, ba gem ɗin kansa ba. Gwajin fasaha kamar rigar da tela ke ratayewa a ƙofar shago ce. Ya ɗinka ta da natsuwa, ba mai jiran sa, ba Sallah a gaba. Bidiyon da Epic ya fara nuna Unreal 5 da shi a Mayu 2020, mai kogo da duwatsu, irin wannan ne: ya gudana a PS5 da gaske, amma ba gem ba ne da aka taɓa sayarwa, kuma cikakken injin bai fito ba sai Afrilu 2022.

Sai mataki na sama, wanda ake cewa an ɗauka daga cikin wasan a na'ura kaza. Tallar GTA VI (wato GTA 6) ta biyu, ta Mayu 2025, Rockstar ya ce daga PS5 aka ɗauke ta baki ɗaya, rabi wasan da ake bugawa, rabi sassan labari da ake kallo. Wannan magana ce mai nauyi domin ta ambaci na'ura, kuma ranar da gem ya fito kowa zai ɗora hoto kusa da hoto. Masu Digital Foundry sana'arsu ke nan, ƙirga hotuna da auna kaifin allo. Duk da haka ba a rantsuwa. Watch Dogs na Ubisoft da aka nuna ana bugawa a 2012 ya fi wanda ya fito a Mayu 2014 kyan haske da hayaƙi, har wasu masu kwamfuta suka tono saitunan da aka kashe a cikin fayilolinsa suka kunna.

Tambayar "a wace na'ura?" ita ce ta fi shafar mu a nan Legas, inda PS4 ke riƙe da yawancin gidajen gem. Cyberpunk 2077 ya fito ranar 10 ga Disamba 2020 da yabo, amma masu sharhi sigar kwamfuta kawai aka ba su kafin fitowa. A PS4 abin ya yi muni har Sony ya cire shi daga shagonsa bayan mako guda, bai mayar ba sai Yuni 2021. Ga wanda ya fi kusa da mu: a 2021 EA ya cika duniya da tallar HyperMotion a FIFA 22, cewa an sa 'yan wasa 22 rigunan ɗaukar motsi sun buga cikakken wasa. Fasahar ba ta sauka a PS4 ba, ba ta sauka a kwamfuta ba, sai PS5 da sabon Xbox da Stadia. Suna ɗaya, hoton kwali kusan ɗaya, wasa biyu. Na tuna yadda aka yi ta musu a shaguna a lokacin, wani na rantsuwa yana jin bambancin a PS4. Abin da ya gani a talla ne yake ji a hannunsa.

Na koma kan bidiyon mai shagon. Na nemi asalinsa a YouTube, ba a ɗau minti biyar ba na samu: wani mai tasha ne ya haɗa, kuma can ƙasan bayaninsa ya rubuta cewa hasashensa ne na yadda gem ɗin zai yi. Wannan ba wuya yanzu. Unreal kyauta ne, akwai kasuwar da ake sayen gine-gine da motoci da bishiyoyi da aka riga aka zana, mutum ɗaya mai kwamfuta mai kyau zai iya jera titi guda ya zagaya da kyamara na minti biyu. Titi guda ba birni ba ne, ba 'yan sanda da za su bi ka, ba labari, ba komai a bayan bangon. Yanzu ga ƙirƙirarriyar basira ta ƙara sauƙaƙa abin. Har kamfani ma ya taɓa cin kasuwa da irin wannan kwalliya: The Day Before ya kai sahun gaba a jerin waɗanda aka fi jira a Steam saboda bidiyoyinsa, ya fito ranar 7 ga Disamba 2023, bayan kwana huɗu kamfanin da ya yi shi ya sanar da rufewa.

Abin mamaki, bidiyon sata na gaskiya yawanci mummuna ne. A Satumba 2022 wani matashi a Ingila ya kutsa cikin Rockstar ya saki bidiyo kusan 90 na GTA VI ana tsakar aikinsa. Rubuce-rubucen gwaji sun cika allon, wasu abubuwan ko launi ba a sa musu ba. Cikin kwana ɗaya lauyoyin Take-Two, uwar kamfanin, suka bi suna sa a goge, Rockstar kuma ya fito ya amsa cewa an yi kutsen. Waɗannan alamu biyu, munin hoto da hanzarin lauya, sun fi kowane rantse-rantse. Bidiyon da ya yi wata uku a YouTube yana tara kallo, sumul kamar an wanke, ba wanda ya taɓa shi, ai ka san ba kayan kowa aka sata ba.

Wa ya faɗa?

Labarin gem mai zuwa na da masu faɗa iri-iri, kuma nauyinsu ya danganta da abin da za su rasa. Mafi nauyi shi ne abin da kamfani ya gaya wa masu hannun jarinsa. Take-Two na kasuwar hannun jari ta Amurka, duk wata uku shugabansa Strauss Zelnick kan gabatar da rahoto, kuma yaudarar masu jari da gangan abu ne da ke kai mutum kotu. Shi ya sa rahoton kuɗi, duk da gundurarsa, ya fi bidiyon talla amfani wajen sanin lokacin fitowa. Kusa da shi akwai hukumomin da ke sa wa gem shekarun masu bugawa, ESRB a Amurka, PEGI a Turai, da ta Koriya ta Kudu wadda ta yi suna wajen tona asirin gem kafin masu shi su sanar. Ba a kai musu abin da babu shi, kuma yawanci sai aiki ya kusa ƙarewa.

Daga nan sai 'yan jarida masu suna da gidan aiki. Jason Schreier na Bloomberg ya rubuta a Yuli 2022 cewa GTA na gaba zai kasance a kwaikwayon birnin Miami, da mace cikin taurarinsa biyu. Kutsen Satumba ya tabbatar, tallar Disamba 2023 ta sake tabbatarwa da Lucia, tauraruwar, da Vice City, kwaikwayon Miami ɗin. Irin wannan idan ya yi kuskure sunansa ne ke zubewa, editansa kuma zai tambaye shi. Wanda ke ɓoye bayan hoton katun a X ko TikTok kuwa, zai harba hasashe goma, biyu su dace, ya goge takwas, ya dawo yana cewa "ban gaya muku ba?"

Tsakanin waɗannan akwai hujjoji na gaskiya da ake ɗora wa kayan da suka fi ƙarfinsu. Tallar neman ma'aikata da ta ce ana son wanda ya iya Unreal ba ta ce wane aiki zai yi ba. Rajistar haƙƙin ƙirƙira na nuna kamfani ya kare wata dabara, ba ta nuna dabarar ta shiga gem. A Satumba 2021 jerin sunayen gem ya ɓulla daga rumbun GeForce Now na Nvidia. Wasu sun tabbata, kamar zuwan God of War kwamfuta a Janairu 2022, amma kamfanin da kansa ya ce akwai sunayen hasashe a ciki. Sai kuma wanda ya fi ba ni dariya, labarin cewa za a sayar da GTA VI dala 100. Asalinsa wani mai nazarin kasuwa ne, Matthew Ball, ya ce a farkon 2025 akwai masu fatan a sa shi tsakanin dala 80 da 100 don sauran kamfanoni su samu hujjar ƙara nasu. Fata ce ta wasu. Shafi na farko ya ce "mai yiwuwa", na biyu ya ce "ana sa ran", kafin ya iso zaurenmu an canza shi zuwa naira ana ta salati. Duk labarin da ka gani a shafi goma, bi shi baya. Sau da yawa rijiya ɗaya ce kowa ya ɗebo.

Ko daga bakin kamfani, kwanan wata alkawari ne mai rauni. Rockstar ya amsa yana aikin sabon GTA a Fabrairu 2022. Tallar farko, wadda aka kalla sama da sau miliyan 90 a YouTube cikin sa'a 24, ta ce 2025. Ranar 2 ga Mayu 2025 aka ɗaga zuwa 26 ga Mayu 2026, ranar 6 ga Nuwamba 2025 aka sake ɗagawa zuwa 19 ga Nuwamba 2026, kuma duka karon biyu hannun jarin Take-Two ya faɗi. Ba sabon hali ba ne, GTA V an ɗaga shi, Red Dead Redemption 2 sau biyu. Wasu kuma sanarwa kawai suke yi don a san suna raye. The Elder Scrolls VI an nuna shi a Yuni 2018 da tsaunuka da suna, bai kai minti ɗaya ba. Hollow Knight: Silksong an sanar da shi a Fabrairu 2019, ya fito 4 ga Satumba 2025. Duke Nukem Forever ya ci shekara 14, daga 1997 zuwa 2011, kuma sauya inji na cikin abin da ya jawo. An ce da kare ana biki a gidansu, ya ce mu gani a ƙasa.

Maganar PS4 da Android ita ce mafi sauƙin yankewa, kuma ita ce mafi haɗari. Na'urorin da Rockstar ya ambata su ne PS5 da Xbox Series X da S. PS4 ya fito tun 2013, faifan ajiyarsa mai juyawa ne, na PS5 kuwa an yi shi ne don ya riƙa lodo birni cikin hanzari yayin da kake gudu a mota. Kwamfuta ma ba a sa ta a sanarwar ba, kuma tarihi ya nuna sai an jira: GTA V ya fito a Satumba 2013, bai isa kwamfuta ba sai Afrilu 2015. Waya kuwa, GTA V ɗin da ya haura shekara goma bai taɓa fitowa a Android daga hannun masu shi ba. Abin da ake tura wa mutane da sunansa yawanci San Andreas ne na waya, wanda ya fito a Disamba 2013, aka sauya masa taswirar gefe da kayan jarumi. Wani lokacin ma ba gem ba ne sam.

Wannan na gani da idona. Ƙanena ya taɓa bin wani mahaɗi da aka ce sigar gwaji ce ta GTA 6. Ya ƙona datar da ya saya ta wata, manhajar ta buɗe da hoto mai kyau, ta ce sai ya ba ta izinin karanta saƙonninsa da lambobin wayarsa kafin ta ci gaba. Ya kira ni yana cewa, "Yaya, ya tsaya a kashi 99." Na tambaye shi me gem ɗin mota zai yi da saƙonnin da bankinsa ke turo masa. Shiru ya yi. Sai da muka wanke wayar gaba ɗaya muka canza lambobin sirri a daren.

Na mayar wa mai shagon wayarsa na ce masa, "Yallaɓai, bidiyon ba nasu ba ne, injin ba shi ba ne, PS4 kuma ba ya cikin lissafi. Amma kada ka sayar da ko ɗaya yanzu saboda kwanan watan da aka ɗaga sau biyu." Ya ɗan yi tunani, ya ce ai dama yaran nan ƙwallo suke zuwa bugawa, GTA na masu zaman awa biyu ne. Zai fara tara na PS5 ɗaya, ya ajiye ta a kusurwa da kuɗin awa daban. Ɗaya daga cikin samarin bai gamsu ba, ya ce shi abokinsa a Idi-Araba ya riga ya buga a waya. Mai shagon ya ce ya je ya taho da abokin da wayar, awa ɗaya kyauta ce ga su biyun in ta tabbata. Aka dawo da wuta, aka kashe janareta, suka koma kan wasansu da aka tsayar ana 2 da 1.